Daga Garamba zuwa Ol Pejeta: yadda farar karkandar arewa ta koma saura biyu

Ranar 19 ga Maris 2018 wani tsohon namijin karkanda ya mutu a Kenya, a gandun dabbobi na Ol Pejeta da ke yankin Laikipia kusa da garin Nanyuki. Sunansa Sudan, shekarunsa 45, kuma shi ne namiji na karshe a duk fadin duniya daga irin da ake kira farar karkanda ta arewa. Tsufa ne ya ci karfinsa, ga wani miki a kafar baya da ya ki jin magani, har ta kai ba ya iya mikewa tsaye, sai likitocin dabbobi suka yi masa allurar da ta karasa shi don ya huta. Kafin kace me labari ya cika duniya, hoton wani mai kula dashi ya jingina goshinsa da kan dabbar yana ta yawo a Facebook da Twitter, kowa sai jimami yake. Abin da ya bari a baya mata ne guda biyu, 'yarsa Najin da jikarsa Fatu, su kenan kuma, babu na uku.

Ni dai duk sanda na koma kan labarin nan abin da nake gani shi ne jimamin 2018 din nan ihu ne bayan hari. Barnar ta riga ta auku shekara 12 zuwa 13 kafin nan, a wani daji da ke arewa maso gabashin Kwango mai suna Garamba, lokacin da babu kyamara babu kowa, kuma a lokacin abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba in aka hada da kudin da ake narkarwa yanzu. Toh bari mu bi abin daki-daki.

Da farko sunan ma yana rudar mutane. Farar karkanda ba fara bace, baka ma ba baka bace, dukkansu ruwan toka ne, in sun yi birgima a tabo kuma sai su dauki launin kasar wurin. A baki ake gane su: fara bakinta mai fadi ne kamar shebur saboda ciyawa take kiwo kanta a kasa kamar saniya, baka kuma lebenta na sama mai tsini ne tana tsinko ganye da kananan rassa irin yadda akuya ke yi. Ita farar ta kasu biyu, akwai ta kudu da ke Afirka ta Kudu da makwabtanta, akwai ta arewa wadda asalinta ke yawo a kudancin Chadi, Afirka ta Tsakiya, kudancin Sudan, arewa maso yammacin Yuganda da arewa maso gabashin Kwango. Katuwar dabba ce, namiji yakan haura tan 2, in ka cire giwa da wuya ka samu wadda ta fi ta a doron kasa. Amma idonta ba ya gani sosai, ta fi dogara da hanci da kunne, kuma tana da dabi'ar bin hanya daya zuwa ruwa da yin kashi a wuri daya kullum, wato mai bindigar da ya san daji ya san inda zai tsugunna ya jira ta. Ga haihuwarta a hankali, ciki wata 16, da daya tal, sai bayan shekara 2 da rabi zuwa 3 ta sake. Dabbar da ke haihuwa haka in ka kashe 10 a wata daya ka rusa aikin shekaru.

A wajajen 1960 an kiyasta na arewa sun haura 2,000. Me ya cinye su? Kaho. Kuma abin takaicin shi ne kahon nan ba kashi bane ba hauren giwa bane, sinadarin keratin ne, irin wanda ke farcenka da gashin kanka da kofaton doki, in an yanke shi sama da tushe ma yana sake tsirowa. Amma kasuwa ba ruwanta da wannan. A shekarun 1970 zuwa 1980 babbar kasuwar kasar Yaman ce, inda ake yin kotar wukar nan da maza ke sokewa a gaban ciki, jambiya, da kahon karkanda. Samarin Yaman sun tafi Saudiyya aikin lokacin da kudin mai ya fashe, sun dawo da kudi a aljihu, wukar da da sai dan gidan sarauta ko attajiri yake rike da ita sai ga shi kowa yana so. Daya kasuwar kuma gabashin Asiya ce, inda masu maganin gargajiya ke nika shi su hada maganin zazzabi da makamantansu. Yarjejeniyar CITES, wato ta kasa da kasa kan cinikin namun daji, ta haramta cinikinsa tsakanin kasashe tun 1977, Yaman ta hana shigo dashi a 1982, Chaina ta hana cinikinsa a cikin gida a 1993, amma doka a takarda daban abin da ke wucewa ta tashar jirgin ruwa daban. Bakar karkanda ma a wannan zamanin ta fado daga wajen 65,000 a 1970 zuwa kasa da 2,500 a farkon shekarun 1990. Mutumin da ya fi kowa bin diddigin kasuwar nan, wani Ba'amurke Esmond Bradley Martin, wanda ya rika shiga shagunan Sana'a da na Asiya kamar mai saye yana rubuta farashi, an tsinci gawarsa an caka masa wuka a gidansa a Nairobi a Fabrairun 2018, kusan wata daya da rabi kafin mutuwar Sudan.

Daga baya, wajen tsakiyar shekarun 2000, sai Biyetnam ta karbi ragamar. Jita-jita ta bazu wai kahon yana maganin ciwon daji, sabbin masu kudi kuma suka mayar dashi abin nuna isa, a goga shi a wani faranti mai kaushi a zuba ruwa a sha bayan an kwana ana shan giya, ko a kai wa babban mutum a matsayin gaisuwa. A lokacin da farashin ya kai kololuwa rahotanni sun sha ambaton dala 60,000 kan kilo daya, ya fi zinare kenan a lokacin. Shi kuwa wanda ya shiga daji da bindiga ya sa ransa a kasada dan abin da yake samu bai kai ya kawo ba, dillalai ne da masu fitar da kaya ke kwashe romon, shi ya sa in naga ana ta murnar an harbe mafarauci daya nake cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Yanzu mu shiga Garamba kanta. Gandun daji ne da aka kafa a 1938 zamanin mulkin Beljiyam, fadinsa ya kusa murabba'in kilomita 5,000, doguwar ciyawa ce da ke shanye mutum a tsaye da damina, kuma arewacinsa ya jingina da iyakar kasar da yanzu ake kira Sudan ta Kudu. Wannan iyakar ku rike ta, don kusan duk masifar ta nan ta rika shigowa. A farkon shekarun 1960 karkandar da ke cikinsa ta kai 1,000 ko fiye, sai tawayen Simba na 1964 ya zo, 'yan tawaye da sojoji da sojojin haya kowa ya yi ta harbi, aka wayi gari saura wajen 100. Da kura ta lafa suka farfado har kusan 500 a tsakiyar shekarun 1970. Sai kuma guguwar jambiya ta iso, a lokacin gwamnatin Mobutu ta bar dogarawan daji babu albashin kirki babu mota babu harsashi, zuwa 1984 da aka kirga sai aka samu 15. Goma sha biyar fa. A Yuganda kuwa rikicin zamanin Idi Amin da abin da ya biyo bayansa ya riga ya share su, Chadi da Afirka ta Tsakiya ma haka, don haka Garamba ce kadai ta rage.

A nan ne labarin yake da dadi na dan lokaci, kuma wannan bangaren ne mutane basu cika sani ba. A 1984 aka fara wani shiri na hadin gwiwa tsakanin hukumar kula da gandun daji ta kasar da kungiyoyi irinsu WWF da Frankfurt Zoological Society da UNESCO. Wata masaniyar dabbobi Kes Hillman Smith da mijinta Fraser Smith suka tare a dajin sama da shekara 20, a can suka yi renon 'ya'yansu. Aikin da aka yi ba wani siddabaru bane: a biya dogari hakkinsa a kan lokaci, a bashi takalmi da abinci da rediyon oba-oba, a gyara hanya, a samu karamin jirgi yana shawagi, a san kowace karkanda da kamanninta da sunanta da inda take kwana. Cikin shekara 10 sai ga 15 ta zama wajen 30. Kuma abin da ya fi bani mamaki, yakin 1996 zuwa 1997 da ya kifar da Mobutu ya zo, aka wawashe hedkwatar gandun aka kwace bindigogin dogarawa, yaki na biyu ya sake barkewa a 1998, giwaye da bauna da dorina suka sha kashi, amma karkandar nan ta rike, wadanda ake haifa suna cike gurbin wadanda ake kashewa, har zuwa 2003 ana kirga wajen 30. Dogarawan da suka yi wannan aikin a tsakiyar yaki, wani lokaci wata da watanni ba labarin gwamnati, wallahi sun cancanci a rika tunawa dasu fiye da yadda ake yi.

Daga 2003 ne abin ya canza salo. Da can yawancin masu shigowa nama suke nema, su harbi bauna su kyafe su kai kasuwa, cikinsu har da mutanen da ke da alaka da mayakan SPLA, 'yan tawayen kudancin Sudan, da suka yi kaka-gida a bakin iyaka. Yanzu sai aka koma neman hauren giwa da kaho zalla, a kashe dabba a sare fuska a bar gawa. A 2004 kuma wasu mahaya dawakai daga Sudan suka fara shigowa, ayari guda dauke da manyan bindigogi, da jakuna na daukar kaya, mutane ne da suka san yaki suka san daji, ba irin barawon da zaka harba sama ya zubar da kaya ya gudu ba. An yi artabu an kashe dogarawa. Kirgen da aka yi daga sama a tsakiyar 2004 ya nuna an yi asarar kusan rabi cikin shekara daya da 'yan watanni, kafin shekarar ta kare ana maganar basu fi 10 ba.

Toh a nan ne aka zo mararrabar da nake ganin ita ce zuciyar lamarin gaba daya. Masu aikin suka ce tunda wuta ta ci rabin gida a fitar da abin da za a iya fitarwa, a kama guda 5 a kai su Kenya a ajiye na wucin gadi, su hayayyafa a can, in dajin ya zauna lafiya a dawo dasu. A Janairun 2005 gwamnatin rikon kwarya a Kinshasa ta amince. Kafin a kai ga dauka sai magana ta fashe, 'yan siyasa da jaridu suka ce ana so a sayar wa Turawa da Kenya dukiyar kasa, mutanen yankin suka fusata har ma'aikatan shirin suka fara fuskantar barazana, ga zabe yana tafe kowa yana neman abin da zai rike ya nuna shi mai kishin kasa ne. Gwamnati ta janye amincewarta. Kungiyoyin da ke tallafawa suka dakatar da aiki, aka bar dajin a lokacin da ya fi bukatar ido. Da kungiyar African Parks mai kula da gandayen daji ta karbi ragamar gandun a karshen 2005 tare da ICCN, hukumar kula da gandun daji ta Kwango, abin da aka iya gani guda 4 ne. A 2006 aka yi musu ganin karshe, binciken 2008 bai ga ko daya ba. A daidai wannan tsakanin kuma mayakan LRA na Joseph Kony, 'yan tawayen Yuganda, suka shigo suka yada zango a dajin, a Janairun 2009 suka afka wa hedkwatar gandun a Nagero suka kashe mutane ciki har da dogarawa suka kona gine-gine da kayan aiki.

Abu ne mai sauki mutum ya zauna ya zagi 'yan Kwango kan wannan shawarar, kuma gaskiya shawarar ta yi muni, guda 5 din nan masu jini daban-daban, wadanda suka tashi a daji suka saba haihuwa, da yau wani labarin ake yi. Amma ni bana iya zaginsu kai tsaye. Kasar da tun zamanin Sarki Leopold ake kwashe mata roba da hauren giwa, daga baya tagulla da lu'ulu'u da zinare, kullum da sunan ana taimakonta, a lokacin ma sojojin makwabta basu dade da fita da ma'adinanta ba, ka zo ka ce mata kawo dabbar da babu irinta a ko'ina mu ajiye miki a wata kasa, ai wanda maciji ya sara in yaga tsumma sai ya yi tsalle. Laifin da nake gani a bangaren masu shirin shi ne an shawo kan manya a ofis a Kinshasa amma ba a zauna da sarakunan gargajiya da mutanen da ke zagaye da dajin an fahimtar dasu tun da wuri ba, kuma maganar raba garken gida biyu an dade ana yinta tun shekarun 1990 lokacin suna 30 ana ta ja-in-ja, aka bari sai da ruwa ya kare wa dan kada. Dabbar da duk abin da ya rage nata a duniya yana daji daya, dajin kuma yana bakin iyakar kasar da ke yakin basasa, ai ko ba malamin duba kasan karshen zancen.

Shi Sudan ta yaya ya tsira? Kama shi aka yi. A 1975 yana dan shekara 2 aka kama shi tare da wasu a yankin Shambe na kudancin Sudan aka kai su gidan zu na Dvur Kralove a kasar Cekoslobakiya ta wancan lokacin, karkashin shugaban gidan Josef Vagner wanda ya yi suna wajen kwaso dabbobin Afirka. A lokacin kam kasuwanci ne da nishadin 'yan kallo, amma ikon Allah sai ya zama wadanda aka raba da dajinsu aka kai kasar kankara su ne suka rayu, 'yan uwansu da aka bari a gida aka karar dasu. Dvur Kralove ne kadai gidan zu a duniya da irin nan ya taba haihuwa a cikinsa, su ma din 'yan kadan: Suni a 1980, Nabire a 1983, Najin a 1989, sai Fatu a 2000, wadda ita ce ta karshe da aka haifa. Wadanda aka ajiye a San Diego ta Amurka basu haihu ba ko sau daya. Farar karkanda a tsare tana da wannan matsalar, mace in ta dade bata dauki ciki ba mahaifarta sai ta fara lalacewa da kari da kumburi, shekaru suna tafiya kofar tana rufewa.

A Disambar 2009 aka dauki hudu, Sudan da Suni da Najin da Fatu, aka saka su a akwatuna, mota zuwa filin jirgi, jirgi zuwa Nairobi, mota zuwa Ol Pejeta, da fatan in sun taka kasar Afirka suka ji rana suka ci ciyawar asali jikinsu zai motsa. Kun lura dai, Kenyar da aka hana kai na dajin a 2005 ita ce aka kai na gidan zu bayan shekara kusan 5, sai dai wadannan tsofaffi ne da 'yan uwan juna. Aka ware musu fili mai fadin eka 700 da shinge, da masu gadi dauke da bindiga dare da rana, aka rage musu kaho don kada ya ja musu. An ga barbara, Suni ya hau Najin a 2012, amma ciki bai shiga ba. Sai mutuwa ta fara bi daya bayan daya: Suni a Oktoban 2014, wani namiji Angalifu a San Diego a Disambar shekarar, Nabire a Dvur Kralove a Yulin 2015, wata mace Nola a San Diego a Nuwamban 2015. Da likitoci suka duba matan biyu sai suka tarar Fatu mahaifarta ba zata rike ciki ba, Najin kuma kafafunta na baya basu da karfin daukar namiji balle cikin wata 16. A 2017 har shafi aka bude wa Sudan a manhajar neman masoya ta Tinder don a tara kudi, abin dariya abin tausayi. Ita kanta Turai bata tsira ba, a Maris din 2017 barayi suka fasa gidan zu na Thoiry kusa da Paris suka harbe wani karkanda mai suna Vince suka yanke kahonsa da zarto mai inji, dalilin da ya sa Dvur Kralove ta bi nata karkandun ta yanke musu kaho kenan.

Abin da ya rage yanzu dakin gwaje-gwaje ne. Akwai wata tawaga mai suna BioRescue, jagoranta Thomas Hildebrandt na cibiyar Leibniz da ke Berlin, da Cesare Galli na dakin gwajin Avantea a garin Cremona na Italiya, tare da Dvur Kralove da Ol Pejeta da hukumar namun daji ta Kenya, gwamnatin Jamus kuma ta zuba miliyoyin yuro. Dabarar ita ce a sa wa mace maganin barci, a zura wata doguwar na'ura ta dubura ana kallo a sikanin, a tsotso kwayayen haihuwa daga jikinta, a garzaya dasu Italiya a jirgi, a hada da maniyyin mazan da suka mutu wanda aka daskarar tun suna raye, in ya zama dan tayi a adana shi a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 kasa da sifili, daga baya a dasa a mahaifar karkandar kudu ta yi renon cikin. A Agustan 2019 aka fara, aka samu kwai 10, 5 daga kowacce, wata mai zuwa aka sanar da 'yan tayi biyu na farko. A 2021 aka daina taba Najin saboda shekaru da lafiyarta, kuma dama ba a taba samun dan tayi daga kwanta ba. Yanzu an tara sama da 30, dukkansu daga Fatu.

A Janairun 2024 suka sanar da cewa dashen ya kama a karon farko a tarihin karkanda. Da dan tayin kudu aka gwada don kada a yi asarar na arewa, aka dasa wa wata mai suna Curra a Ol Pejeta a Satumban 2023. Sai aka tafka ruwan sama, ambaliya ta tono wasu kwayoyin cuta na Clostridium da ke kwance a kasa, Curra ta mutu a Nuwamba, da aka bude ta sai ga da namiji na kwana 70 mai tsawon santimita 6 da 'yan kai yana girma lafiya kalau. Wato a gawa aka ga nasarar. Bayan nan an fara dasa na arewa din kansu, zuwa tsakiyar 2025 dai ciki bai zauna ba.

Ko da an haifi dan ma akwai sauran rina a kaba. Uwa daya ce, Fatu, maza biyu ne, Suni da Angalifu, shi Suni kuma ubansu daya da Fatu, wani mai suna Saut, sannan uwarsu daya da Najin, kaga yayanta ne kuma kawunta ne a lokaci guda. Garke ba ya kafuwa a kan jini mai kunci haka, shi ya sa ake hada kai da masana irinsu Katsuhiko Hayashi na Japan don a kirkiri kwai da maniyyi daga kwayoyin fata, tunda akwai na guda 12 a daskare, San Diego na cikin masu ajiyarsu. An yi hakan a bera ya yi, karkanda kuma ba bera bace. Ga kuma lokaci: ana so dan ya zo Najin da Fatu suna raye don ya koyi zama da dabi'un irinsa a wurinsu, Najin kuwa 'yar 1989 ce, karkanda kuma da wuya ta wuce 45 ko 50.

Bana cikin masu cewa a daina wannan binciken, ilimin da aka samu zai yi wa karkandar Sumatra amfani wadda ita ma saura 'yan kadan. Amma in ka dora shi kusa da labarin 'yar uwarta ta kudu sai jikinka ya yi sanyi. Ita ma ta taba komawa kasa da 100 a karshen karni na 19, duk a wuri daya, yankin iMfolozi na KwaZulu-Natal. Aka tsare ta ta karu, sannan a shekarun 1960 wani jami'in gandun daji Ian Player da abokan aikinsa suka yi abin da ake kira Operation Rhino, suka rika kamawa suna rarrabawa zuwa wasu gandaye da wasu kasashe tun ana da yawa, har ta kai wajen 20,000. Da guguwar Biyetnam ta iso Afirka ta Kudu, daga 13 da aka kashe a 2007 zuwa 1,215 a 2014, dajin Kruger ya sha mummunan kashi amma irin bai kare ba saboda a warwatse yake. Bambancin kudu da arewa bai wuce wannan ba, daya an raba ta tun da sauran lokaci a kasar da ba a yaki, daya an bar ta wuri guda a bakin wuta.

Kuma kada mu dauka labarin nesa ne. Bakar karkanda ta yamma, wadda da take yawo har yankin tafkin Chadi da arewa maso gabashin Najeriya, mafakarta ta karshe arewacin Kamaru ce, dazukan Benuwe da Bouba Ndjida can bangaren Garwa. A 2006, shekarar da aka yi wa na Garamba ganin karshe, masu bincike suka karade yankin basu samu ko daya ba, a 2011 IUCN, kungiyar kare halittu ta duniya, ta ayyana ta kare kwata-kwata. Ita ko maniyyi a firji bata bari ba, ba Tinder ba hoton bankwana. Kalmar karkanda tana bakinmu, dabbar kuma yawancinmu sai a talabijin. Chadi ta gwada dawo da bakar karkanda dajin Zakouma a 2018, aka kawo 6 daga Afirka ta Kudu, cikin 'yan watanni 4 suka mutu, ba harbi ba, jikinsu ne bai karbi abincin dajin ba, sai a karshen 2023 aka sake kawo 5.

Garamba ma ta samu baki. Bayan shekaru ana gyara tsaro, da karnuka da jirage da dogarawan da aka horar sosai, kisan giwa ya ragu matuka, a Yunin 2023 aka sauke farar karkanda 16 a dajin, an dauko su daga gandun Phinda na KwaZulu-Natal. 'Yan kudu ne, su ne yanzu suke kiwo a ciyawar da ta arewa ta bari. Najin da Fatu kuma suna can Ol Pejeta cikin shingensu da masu gadinsu, an hada su da wata 'yar kudu mai suna Tauwo don ta koya musu zaman daji, tunda su a kan siminti aka haife su.